Gonar Gafasa ta gaji, buhu kaɗai ba zai tashe ta ba

Bazara ta kama, kuma duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Wudil ta ratsa Gaya ta nufi ƙasar Ajingi a 'yan makonnin nan zai ga hayaƙi yana tashi a gonaki nan da can. Lokacin sharar gona ne. Ana tattara ragowar kara da ganye da ƙaya a cinna musu wuta, a bi da gatari ana tone duk wani kututturen sabara ko kalgo da ya yi toho, har sai gona ta fito fes babu ko tsinke. A Gafasa, kamar sauran garuruwan wannan yanki, gona mai tsabta irin wannan ita ce shaidar cewa mai ita ba rago ba ne. Da wannan ma'auni nake da ja a makon nan, domin a ganina abin da manomi ke kukan ya rasa da kaka, da yawansa tun a bazara ya ƙone shi da hannunsa.

Kukan manomi guda biyu ne, kuma duka gaskiya ne: ƙasa ta mutu, taki ya yi tsada. A shekarar 2017, bayan yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da ƙasar Maroko a watan Disamban 2016, gwamnatin tarayya ta tsayar da kuɗin buhun kamfa a kan naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta faɗi, kafin a ankara buhu ya haura naira dubu talatin a 2024. Wannan tsada ta zo ne alhali a watan Maris na 2022 an buɗe masana'antar yuriya ta Ɗangote a Lekki, wadda aka gina don ta riƙa fitar da tan miliyan uku a shekara. Ma'ana, ko a cikin gida aka yi takin, dala da kasuwar duniya ne ke yanka masa farashi. Manomin Gafasa ba shi da ta cewa a wannan ciniki. Inda yake da ta cewa shi ne tsakanin iyakokin gonarsa huɗu da kuma turken awakin gidansa.

Ba ina cewa a daina sayen takin zamani ba ne, kuma duk wanda ya zo ya ce wa talakan manomi ya jefar da buhu gaba ɗaya ba masoyinsa ba ne. Ƙasar Siri Lanka ta gwada hakan a Afrilun 2021, ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, noman shinkafa ya faɗi, kafin shekara ta ƙare ta janye dokar. Mu nan ma ƙarancinsa ne ke damunmu: lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006 a kan batun taki, abin da ake zubawa a kowace hekta a ƙasashenmu bai wuce kilo 8 ba, suka yi alkawarin kai shi 50. Matsalar ita ce irin ƙasar da ake zuba shi a kai. Yawancin gonakin tudu na gabashin Kano jigawa ce, rairayi ya fi yawa. Abin da ke sa irin wannan ƙasa ta riƙe ruwa da abinci shi ne ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi. In babu su, zuba yuriya a kanta kamar zuba ruwa ne a kwando: ruwan sama biyu masu ƙarfi sun gangarar da shi inda saiwar gero ba ta kai wa. In kuma watsa shi aka yi a sarari ba a rufe ba, zafin rana ya ɗauke wani kaso ya bi iska. Manomi ya ci bashi ya sayi buhu, gero ya yi kore na sati biyu, sannan ya koma ja.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, maganin wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Masana daga nesa nan suka zo suka koye shi. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano tun a shekarun 1960. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda jama'a suka yi cunkoso, gonaki suka zama ƙanana, babu mai barin gona ta huta ko shekara ɗaya, amma duk da haka ƙasa ba ta mutu ba. Ya ga jakuna suna shiga birni da itace, suna fitowa da mangalar taki. Ya ga itatuwa tsaye cikin gonaki, kowanne da mai shi. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau a ƙasar Gezawa, tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Ta tarar da tsari mai kewayawa: wake da gyaɗa suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye a ƙasa, harawarsu ta tafi turke, tumaki da awaki su ci, kashinsu haɗe da toka da sharar gida ya dawo gona. Har ƙurar hunturu da muke toshe hanci saboda ita tana cikin lissafin, don tana sauka da ɗan abincin ƙasa daga nesa. Gonar da aka bar mata kara da 'yan kurmi ita ke tare wannan ƙura. Wadda aka share fes kuwa, iska ma ɗebe mata take yi.

Gezawa da Ajingi ba nisa gare su ba, kuma dattawan Gafasa ba sa buƙatar wani Bature ya gaya musu wannan. Sun san gicci. Sun san lokacin da ake roƙon Bafulatani ya kafa garkensa a gona bayan girbi, a ba shi damin dawa a kai, shanu su kwana su tashi su bar gona da arziki. Abin tambaya shi ne me ya tsinke. Gado ya yayyanka gonaki, gandun da kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki goma ke kansa. Kara ya zama kuɗi: ana ɗaure shi a kai kasuwa, ko a girka abinci da shi saboda itace ya yi wuya, ko a yi danga. An cinye burtali, makiyayi da manomi sun koma kallon hadarin kaji, takin garke ya tafi da zumuncin. Sharar birni da a da ake rububinta yanzu leda ce da fasassun kwalabe da matattun batura. Sai buhu ya zo da sauƙinsa, mutum ɗaya ya ɗauko shi a bayan babur, aka manta da wahalar mangala. Ba lalaci ba ne, kowane mataki yana da dalilinsa. Amma ƙasa ba ta san dalili ba, abin da aka cire mata aka ƙi mayarwa shi take ƙirgawa.

A wajena, wuri mafi sauƙi da za a fara gyara shi ne wancan kututturen da ake tonewa, don shi kaɗai ne ba ya cin ko sisi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun riga mu gane haka. Bayan farin 1973, ƙasarsu ta zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin dashe a yankin, ya duba ɗaya daga cikin 'yan kurmin da ake sarewa kowace shekara, ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa tana ta yunƙurin tofowa. Dabarar ba ta da wuya. Maimakon a sare tohon duka, a zaɓi masu ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a rage musu rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, a bar su. Tunda saiwar tsohuwa ce kuma ta yi zurfi, ba ya neman ban ruwa, kuma yana girma da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba. Manoman can suka raɗa masa suna sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yi dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu nazarin hotunan sama suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya raya faƙo da haƙa 'yan ramuka yana zuba taki a ciki.

Ruwan da ke sauka a Maraɗi da Damagaram bai kai na ƙasar Gaya ba. In sabara da kalgo da gawo sun tashi a can, babu abin da zai hana su tashi a Gafasa sai gatari.

Gawo shi ne sarki a wannan sha'ani, kuma halinsa sai ka ce don manomi aka yi shi. Da damina, lokacin da shuka ke son rana, sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara. Ganyen ya ruɓe a gindinsa daidai lokacin da gero ke neman abinci. Da rani kuma ya yi ganye shar, dabbobi su fake a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zubar da kashi a wurin. Dangin wake ne, saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa naitirojin. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo, kuma har yau yankin Magarya da Matamai cike yake da shi. Mu kuwa mai gawayi ya zo ya yi wa tsohon gawo kuɗi, a kayar da shi a wuni guda, kuɗin ya ƙare kafin sallah, ƙananan da suka fito kuma garmar shanu ta bi ta kansu.

Na san amsar da manomi zai ba ni: itace yana kawo tsuntsu, inuwa tana kashe shuka, gona ƙarama ce. Akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a shafe ta ba. Darbejiya da mangwaro da ɗorawa inuwarsu na da nauyi, gero ba ya jin daɗi a ƙarƙashinsu, saboda haka wurinsu bakin iyaka ne ko gefen hanya. Sabara da kalgo kuwa a hannun manomi suke, in sun yi yawa da damina ya datse, ya shimfiɗa ganyen a kan kunya, itacen ya kai gida. Wannan itacen girkin shi ne ribar farko, tun kafin a zo maganar ƙasa, kuma matan gida su suka san darajarsa, su da ke aika yara nesa neman ƙirare ko su ƙona karan da ya kamata ya koma gona. Tsuntsu kuma, jan baki mai zuwa da runduna ba ya tambayar ko akwai itace a gonarka kafin ya sauka.

Sai maganar wuta-wuta. Duk gonar da ka ga furenta ya rufe ta, ƙasar ce ke faɗa maka ta talauce, don a matacciyar ƙasa ta fi ƙarfi. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran saiwar dawa ko gero. Wanda ya bari ta yi fure ta bushe, ya shuka wa 'ya'yansa wahala. A tumɓuke ta kafin ta zubar da iri, kuma ita kam a ƙone ta. Sannan a juya shuka: waken suya yana yaudarar irinta ya tsiro, ya rasa saiwar da zai kama, ya mutu. Masu binciken cibiyar IITA da ke Kano, waɗanda ke da gonar gwaji a Minjibir, sun daɗe da fito da tsarin layi biyu na dawa ko gero, layi huɗu na wake, a riƙa musanya musu wuri duk shekara. Gicci ne aka yi wa gyara. Wake ya sami rana ya yi 'ya'ya, harawa ta yawaita, harawar ta koma turke.

A turken ma akwai asara da ba a lura da ita. Takin da aka bari a fili rana na dukansa wata biyar, ƙarfinsa ya ragu kafin ya isa gona. Rami a bayan gida, a riƙa zuba kashin dabbobi da toka da ɓawon gyaɗa da ragowar harawa da ƙaiƙayi, ana yayyafa ruwan wanke-wanke, a rufe da kara, a juya shi lokaci-lokaci, a tsince leda. In ya nuna ba ya wari, kuma zafinsa ya kashe yawancin irin ciyawa. Tunda ba zai ishi gona duka ba, kada a watsa shi ko'ina, a zuba shi a ramin shuka, ko a ɗauki ɓangare ɗaya bana, wani ɓangaren baɗi. Takin zamanin da aka iya saya, ko tiya biyu ce, shi ma haka. Cibiyar ICRISAT ta gwada a Nijar da maƙwabtanta cewa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa a gindin kowace shuka, a rufe da ƙasa, yana ba da amfani mai kyau da ɗan kaɗan daga abin da ake watsawa. A kan ƙasar da ta sha takin gida, wannan ɗan kaɗan ɗin yana zama inda aka sa shi.

Maganin feshi kuwa abin tsoro ne yadda ya zama ruwan dare. Na fahimci dalili: samari sun tafi ci-rani, kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfin mai gona, kwalba ɗaya ta yi aikin mutum biyar. Amma a dubi yadda ake yi. Yaro ya goya tanki ba takalmi ba abin rufe hanci, iska na maido masa da feshin a fuska, ya gama ya wanke tankin a kududdufin da dabbobi ke sha, jarkar kuma a ɗauraye a zuba man gyaɗa. Maganin ciyawa mai sinadarin farakwat ba shi da makari in ya shiga cikin mutum, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Kuma ba ya bambance ciyawa da lalo da tafasa da gasaya, waɗanda ke fitowa da kansu su rufa wa tukunyar miya asiri a watan da rumbu ya yi ƙasa. A wajen ajiya abin ya fi muni. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari a jikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, mu muke cinsa a ƙosai da alala. Alhali buhun nan mai ninki uku na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a 2007, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe masa iska kawai, babu ɗigon magani.

Akwai wani shinge da ya fi duk waɗannan, wanda ba a cika faɗa a tarukan bita ba. Manoma da yawa ba gonarsu suke nomawa ba, aro ce ko haya ko jingina. Takin gida ba a shekara ɗaya yake biya ba, yana kai shekara biyu zuwa uku yana aiki. Itace kuma ya fi haka jinkiri. Wanda ya yi hayar gona ta damina ɗaya ya san in ya gyara ta, baɗi mai ita zai ce yana son abarsa, ko ya ƙara kuɗi. To don me zai kai mangala? Zai zuba yuriya ya tatse abin da ya samu ya tafi. Ba wa'azi ne zai warware wannan ba, sai an gyara cinikin. Masu unguwanni da dagatai da hakimai na ƙasar Gaya da Ajingi suna da ikon da babu wata hukuma da ke da shi a nan: su sa a riƙa ƙulla haya ta shekara uku zuwa biyar a gaban shaidu, a rubuta, a fayyace wa ke da itacen da aka raya da kuma abin da za a biya wanda ya zuba taki in aka karɓe gonar kafin wa'adi. Haka nan satar itace. A Nijar sassabin zamani bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, kuma ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma da mata da makiyaya. Babu wanda zai yi shekara huɗu yana renon gawo in ya san wani zai zo da dare ya sassare shi a banza, kuma in aka bar makiyayi a waje, yarjejeniyar ba za ta kai rani biyu ba. Limamai ma suna da rawar takawa, don ladan raya itace abu ne da addini ya yi magana a kai ƙarara, kuma huɗuba ɗaya a watan sharar gona ta fi allon talla goma.

Hukuma kuma ta sauya inda take zuba kuɗi. Jihar Kano tana cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda aka amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, tana kuma cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa ta Afirka. Kowace damina ana bikin dashe, ana ƙirga tsirran da aka raba. Ni abin da nake so a ƙirga shi ne waɗanda suka kai shekara uku da rai. Hukumar aikin gona ta jiha, KNARDA, tana da malaman gona, jami'ar da ke Wudil tana da tsangayar aikin gona a maƙwabtaka, amma manomin Gafasa ya fi ganin mai sayar da maganin feshi a kasuwa fiye da malamin gona, kuma daga bakin mai sayarwa yake karɓar shawarar yawan da zai zuba. A ba malaman babura da mai, a ɗora musu gonakin gwaji a cikin gari inda kowa zai wuce ya gani.

In kuma ƙaramar hukumar Ajingi tana neman abu guda da za ta yi bana wanda kuɗinsa bai kai na taron bita ɗaya a otal a Kano ba, ta ɗauki hayar mota ta cika ta da manoman Gafasa da Toranke da Balare da Ƙunƙurawa, ta kai su ƙasar Magarya ko Agye su kwana biyu. Hausa ɗaya za su yi da masu masaukinsu, babu tafinta. Su shiga gonaki su tambayi dami nawa ake samu da da yanzu, su tambayi yadda aka yi da ɓarayin itace da masu kiwo, su riƙe wuƙa su datse toho da hannunsu. A sa mata a cikin tafiyar, a sa makiyaya, a kuma sa waɗanda ke noman gonar haya.